Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙwallon Ƙafa: A Dubi Ƙananan Rukunai Kafin a Buɗe Sabuwar Kaka

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, Alhaji Ibrahim Musa Gusau. Da shugabannin gasar rukuni na biyu, NNL, da ta rukuni na uku, NLO. Da shugabannin hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohin Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, muna roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ya sa ku gama lafiya.

Ni sakatare ne a wani ƙaramin kulob a Arewa maso Yamma. Ba gwamnati ce ta kafa mu ba, babu kuma wani attajiri guda da ya ɗauke mana nauyi. 'Yan kasuwar unguwa ne da tsofaffin 'yan wasa suke haɗa taro da sisi, a sayi ƙwallo, a ɗinka riguna, a zuba wa mota mai. Na rubuto ne da yawun abokan aikina, masu horarwa da sakatarori da masu ƙananan kulob daga jihohi daban-daban waɗanda muke haɗuwa a filaye da tashoshin mota, da kuma yawun yaran da ke buga mana. Su ne suka fi kowa ɗanɗana abin da zan faɗa, amma ba su da bakin da zai kai gare ku. Mun daɗe muna wannan ƙorafi a tsakaninmu, sai muka ga gara mu faɗa muku a fili tun kafin a fitar da sanarwar rajistar sabuwar kaka.

Ba mu musanta cewa an samu gyara a sama. Tun daga kakar 2023/24 Firimiyar Najeriya ta koma wasanni 38 ga kowace ƙungiya, ana farawa ana gamawa cikin tsari, mun gani kuma mun yaba. Tambayarmu ita ce: yaushe gyaran zai sauko wajenmu? Domin ƙasan nan da ake rainawa ba ta rasa ƙwallo ba. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda a rukuni na biyu ta buga kakar, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas ta ɗauki Kofin Ƙalubale. A 2025 Abakaliki FC, ita ma 'yar rukuni na biyu, ta kai wasan ƙarshe, sai a bugun fenareti Kwara United ta raba ta da kofin. Remo Stars da ta lashe Firimiya a 2025 kulob ne na mutum ɗaya, daga ƙasa ta hauro. Cikin waɗanda suka buga wa Najeriya, Ahmed Musa a filayen Jos ya taso, Zaidu Sanusi daga Jega ya fito, Alhassan Yusuf daga Kano. Duk cikinsu babu wanda ya fara taɓa ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa. A wajen masu horarwa irin namu suka fara, a filin makaranta mai tsakuwa.

Abu na farko, kuma shi ne uwar matsalolin, shi ne rashin tsayayyiyar rana. Ɗan wasan ƙaramin rukuni ba ƙwallo kaɗai ce sana'arsa ba. A cikin yaranmu akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai mai jan a-daidaita-sahu da kullum sai ya kai balas ga mai mashin, akwai ɗalibin kwalejin ilimi, akwai wanda da zarar damina ta faɗi dole ya koma gonar mahaifinsa. Idan aka sa ranar farawa, sai mu kira su sansani. Kowa ya ajiye abin da yake yi, ya nemi izinin ubangidansa ko malaminsa, ya zo. Mu kuma mu kama ciyar da mutum kusan talatin sau uku a rana, ga magani, ga sabulu, ga ɗan abin da za a ba yaro ya aika gida. Sai kwatsam a ji an ɗage. Wani lokaci a faɗi sabuwar rana, wani lokaci a ce sai an ji sanarwa. Idan muka sallami yaran, jikinsu ya yi sanyi, wasu ma ba za su dawo ba. Idan muka riƙe su, kuɗin da muka tanada na kaka gaba ɗaya ya ƙare a tukunya tun ba a busa usur ɗin farko ba.

Muna da wani ɗan wasan baya, mai gyaran waya ne a kasuwa. Wata shekara ya bar teburinsa saboda wata gasar neman gurbi da masu shirya ta suka yi ta ɗagewa. Da aka gama ya koma, ya tarar ubangidansa ya ba wani yaro wurin. Ubangidan bai yi laifi ba, shi ma abincinsa yake karewa. Yau yaron nan ya daina ƙwallo, kuma mahaifinsa ya hana ƙannensa zuwa fili. Irin waɗannan iyaye suna da yawa, kuma idan muka je roƙonsu ba mu da abin da za mu nuna musu a rubuce cewa daga wata kaza zuwa wata kaza za a yi a gama.

Sannan idan an fara ɗin ma, kakar ta yi gajarta ƙwarai. Tsarin da ake tara ƙungiyoyi a cibiya guda a buga a gama cikin 'yan makonni, mun san an yi shi ne don rage tsadar tafiya, kuma ba mu raina wannan niyya ba. Amma ku dubi abin da yake haifarwa. Yaro ya yi shekara yana atisaye safe da yamma, sai ya buga wasannin hukuma da ba su cika yatsun hannu biyu ba, alhali takwaransa na Firimiya yana buga 38. Ta ina zai goge? Wasa yau, hutu gobe, wasa jibi, jiki bai warware ba an koma fili, shi ya sa targaɗe da ciwon cinya suke yawa. Idan zazzaɓi ya kama 'yan wasanka uku a makon, shi ke nan, wahalar shekara ta tafi. Magoya bayanmu kuma, waɗanda su ne ke ba da gudummawa, ba sa ganin ƙungiyarsu tana wasa a garinsu ko sau ɗaya. Ɗan kasuwar da muke roƙo ya sa sunan shagonsa a rigarmu yakan tambaye mu: wa zai gani? Ba mu da amsa.

Lokacin da ake zaɓa ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura maki 40, kuma idan cibiya na da wasanni da yawa a rana ɗaya, dole wasu su shiga fili rana na tsaka. Watan azumi ba ya zuwa ba zato, ana iya sanin lokacinsa shekaru kafin ya kama, haka ma lokacin jarrabawar WAEC da NECO. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa filayen ƙasa sun zama taɓo, yara kuma suna gona. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu an gama girbi, gari ya yi sanyi, mutane na da ɗan abin hannu, filaye a bushe. A mafi yawan shekaru wannan lokacin a zaune muke muna jira.

Abu na biyu shi ne hanya. Wanda ya dubi taswira daga ofis zai ga Arewa yanki ɗaya ne. Amma daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,000, daga Birnin Kebbi zuwa Yola ya fi haka. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar man fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Kuɗin da a da zai kai ƙungiya wasa uku a waje, yau da ƙyar ya kai ta ɗaya. Abin da ƙananan kulob ke yi don su tsira shi ne su tashi da dare saboda kada su biya kuɗin masauki, a cusa mutum ashirin da wani abu a bas ɗin da aka yi don goma sha takwas, direba ɗaya ya kwana yana tuƙi, a sauka da hantsi, a shiga fili da la'asar. Wanda ya kasa zuwa kuma a ba abokin karawarsa maki uku da ƙwallo uku, a bi shi da tara.

Ranka ya daɗe Shugaba, kun riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Zamfara, ba sai an gaya muku yadda hanyar Gusau zuwa Funtuwa take ba, ko ta Birnin Gwari, ko dalilin da ya sa ba a bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri da dare. Manyan ƙungiyoyi ma ba su tsira ba. A Maris ɗin 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa suka ji raunuka. A Fabrairun 2021 motar Wikki Tourists ta ƙone a Hawan Kibo, a watan kuma aka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore aka tafi da direbanta. A ƙarshen Mayun 2025 tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta yi haɗari saura kaɗan ta iso gida, fiye da mutum 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗannan an ji labarinsu ne saboda suna da suna. Idan motar ƙaramin kulob ta faɗa rami a tsakar dare, daga iyayen yaran sai mu.

Abu na uku yana da nauyin faɗa, amma dole a faɗe shi: yawancin masu bin ƙananan rukunai ba su yarda da sakamakon da ke fitowa daga fili ba. Maganar da ake yi ita ce, ka ci naka a gidanka, in ci nawa a gidana. Ba na cikin masu zagin alƙalan wasa. Na san da yawansu, malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata, mutanen kirki masu son wasan. Amma ku sa kanku a matsayin alƙalin da ya zo da kuɗin motarsa, mai masaukin baƙi ne ya kama masa ɗaki, shi ya kawo masa abinci, wani lokaci ma shi zai miƙa masa alawus ɗinsa. Ya shiga filin da ba shi da shinge, 'yan kallo na tsaye a kan layi, 'yan sanda ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, kuma ya san bayan an tashi sai ya ratsa wannan taron kafin ya kai ga mota. A minti na 88 ɗan wasan gida ya faɗi a cikin da'ira. Me kuke zaton zai busa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk inda aka bar alƙali a hannun mai gida, tsarin ne ya fara karkata kafin shi.

Ba mu manta da Yulin 2013 ba. A Bauchi, a wasannin neman gurbin shiga gasar Nationwide ta ƙananan rukunai, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. An tafi hutun rabin lokaci ana 7 da nema a ɗaya, 6 da nema a ɗayan, sauran ƙwallayen duk bayan an dawo suka shiga, saboda Plateau United Feeders da Police Machine makinsu daidai yake, yawan ƙwallo ne zai raba. Duniya ta yi mana dariya. An dakatar da kulob ɗin huɗu na shekara 10, aka haramta wa 'yan wasa da jami'ai harkar har abada. Hukuncin ya yi daidai. Amma an kama su ne kawai don sun wuce gona da iri. Wanda ya shirya nasa a ci 2 da 1 ba wanda zai waiwaye shi, muddin dai babu hoton wasan, kuma muddin makomar shekara guda tana rataye a kan wasa ɗaya ko biyu. Gajeriyar kaka ita ce ke sa farashin wasa ɗaya ya yi tsada har wani ya ga ya cancanci a saye shi.

Ba duk masu kulob ne masu gaskiya ba, akwai waɗanda ke tara 'yan daba su hana baƙi sakewa, akwai masu rage wa yara shekaru. A hukunta su, za mu goyi baya. A 2022, bayan rikicin da aka yi a wasan Kano Pillars da Katsina United, an ci tarar Pillars an zaftare mata maki, kuma a kakar ta faɗi. Idan ƙungiyar da ta ɗauki kofin lig sau huɗu ba ta fi ƙarfin doka ba, babu dalilin da zai sa wani kulob a rukuni na uku ya fi ƙarfinta don kawai mai shi yana da ƙafa a gidan gwamnati.

Abu na huɗu shi ne rai. Ranar 12 ga Agustan 1989 ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas a wasa da Angola, bai tashi ba. Shekara talatin da ɗoriya bayan haka, ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. A Yunin 2021 zuciyar ɗan wasan Denmark Christian Eriksen ta tsaya a tsakiyar fili a Kopenhagen, likitoci suka farfaɗo da ita nan take da na'ura, ya warke har ya koma buga wa ƙasarsa. Kwana na hannun Allah, mun yi imani da haka, amma Allah bai hana mu yin tanadi ba. Abin da ya samu Martins a babban rukuni ya faru, inda ake da dokoki da masu sa ido. To ina ga namu filayen?

Na taɓa ganin yara biyu sun yi karo da kai a wani wasa da muka je a waje. Ɗan ƙungiyar gida ya faɗi ba ya motsi. Babu motar asibiti, babu gadon ɗaukar mara lafiya, wanda aka kira likita ruwan leda da man zafi kaɗai ne a jakarsa. A a-daidaita-sahu aka kwashe shi, wuyansa na lilo, mu da su muka haɗa kuɗi a bakin asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa. Wanda ya karye kuwa, mafi yawa wajen mai ɗori ake kai shi, don shi ne daidai aljihu. Idan ƙafar ta ɗoru a karkace, ƙwallo ta ƙare, kuma sau da yawa sana'ar da yake ci da ita ma ta taɓu. Babu inshora, babu diyya, sai dai a ce Allah ya ƙara sauƙi.

Abu na biyar mutane da yawa ba su san da shi ba, alhali shi ne zai iya tsayar da ƙananan kulob da ƙafafunsu. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da waɗannan kuɗaɗe ke bi ta cikinsa, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar ɗan wasa a kwamfuta: wane kulob ya yi wa rajista, daga wace rana zuwa wace rana. Wanda sunansa ba ya ciki, ko da shi ya saya wa yaron takalminsa na farko, bai da ko kwabo.

Nan ne ake cutar mu. Dillali zai zo fili ya ga yaro, ya bi ta bayan gida ya yaudari iyaye da 'yan dubbai, ya ɗauke shi zuwa wata makarantar ƙwallo a babban birni, a yi masa sabuwar rajista kamar yau ya fara, wani lokaci da sabuwar ranar haihuwa. Mun rasa yara ta haka. Akwai wanda muka raina tun yana ƙaramar sakandare, daga baya sai a Facebook muka ga hotonsa da rigar wani kulob a ƙasar waje. Mun yi masa murna har zuciya, amma a takarda babu inda ya nuna ya taɓa taka filinmu. Da yawan sakatarorin ƙananan kulob ba su taɓa samun wanda ya zaunar da su ya koya musu yadda ake shigar da yaro a wannan tsari ba. Wasu takardar hannu kawai suke riƙe da ita mai tambarin hukumar jiha, suna zaton ta wadatar.

Ga gwamnatocin jihohi masu kulob a rukuni na biyu kuwa, magana ɗaya ce: a biya yara haƙƙinsu. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Ɗan wasan da ke ɗauke da sunan jiha a ƙirjinsa bai kamata ya yi watanni yana bin bashi ba, ɗan wasa mai yunwa kuma shi ne ya fi sauƙin saye. Haka nan cinikin gurbi: idan kulob ya sha wahala ya hau, wani kuma ya faɗi amma ya sayi wuri ya dawo, yaranmu na gani, kuma suna tambayarmu amfanin gumin da suke zubarwa.

Saboda haka, ga abin da muke roƙo.

A fitar da jadawalin NNL da NLO aƙalla wata uku kafin farawa, da ranar buɗewa da ta rufewa, a daidaita shi da na Firimiya, a kuma tsaya a kai. Idan larura ta tilasta ɗagewa, a faɗi dalili da sabuwar rana a sanarwa ɗaya. Yadda ake cin tarar kulob idan ya makara, haka ya kamata masu shirya gasa su rage masa wani abu daga kuɗin rajista idan su ne suka saɓa.

A mayar da rukuni na uku gasar gida da waje ta gaskiya, amma a ƙananan shiyyoyi. Sakkwato da Kebbi da Zamfara su haɗu, Kano da Jigawa da Katsina, Bauchi da Gombe da Filato, Borno da Yobe, haka sauran. Ma'aunin ya zama cewa ƙungiya za ta iya tashi bayan sallar asuba, ta buga, ta kwana a gida ko ta dawo washegari da rana. Ƙungiya takwas zuwa goma a shiyya za su ba kowane yaro wasanni 14 zuwa 18, a ƙarshen mako, ba tare da ya bar sana'arsa ko karatunsa ba. Sai zakarun shiyyoyi su haɗu a cibiya guda don neman gurbi, kamar yadda aka yi Super 8, gasar ƙungiyoyi takwas masu neman hawa Firimiya, a rukuni na biyu a 2025. A nan tsarin cibiya yake da amfani. A kuma rubuta a doka cewa ba za a hukunta ƙungiyar da ta ƙi tafiyar dare ba idan ta sanar da wuri cewa hanya ba lafiya.

Kuɗin alƙalai da na kwamishinan wasa, da masaukinsu da abincinsu, su fito kai tsaye daga asusun gasa zuwa asusunsu na banki kafin ranar wasa. Ko da za a ce kulob ne za su tara kuɗin, a karɓa tun farkon kaka a ajiye, kada hannun mai gida ya taɓa na alƙali. A wajabta ɗaukar hoton bidiyon kowane wasa daga farko zuwa ƙarshe. Ba sai an kawo motar talabijin ba, waya mai kyau a kan ƙafa uku ta isa, a tura wa ofishin gasa cikin kwana ɗaya, baƙi ma a ba su damar ɗaukar nasu ba tare da an ƙwace musu waya ba. Wasannin ƙarshe na kowane rukuni a buga su a sa'a ɗaya, da masu sa ido daga wata jiha.

Kada a busa usur sai kwamishinan wasa ya ga motar asibiti da idonsa, an tayar da ita a gabansa, da ma'aikacin lafiya mai takarda da gadon ɗaukar mara lafiya. Hukumomin jihohi su nemi haɗin kan ma'aikatun lafiya, motocin nan suna nan a manyan asibitoci. A samar da na'urar farfaɗo da zuciya aƙalla ɗaya a kowane filin da aka amince a yi wasa, a koya wa masu horarwa taimakon gaggawa a cikin kwas ɗin lasisinsu. A duba zuciyar kowane yaro kafin a ba shi lasisi, a kuma sa inshora ta bai ɗaya a cikin kuɗin rajista, wadda za mu san sunan kamfaninta da yadda ake karɓar haƙƙi.

A turo ma'aikata kowace jiha su koya wa sakatarori rajistar kwamfuta, da Hausa inda ake buƙata, a haɗa rajistar kowane yaro da lambarsa ta NIN don a toshe ƙofar sauya suna da shekaru. A buɗe teburi a NFF da ƙaramin kulob zai kai kukansa idan yaronsa ya fita waje, ba sai ya nemi lauya a Turai ba.

Daga ƙarshe, a nuna mana lissafi. A shirin tallafin FIFA mai suna FIFA Forward na 2023 zuwa 2026 kowace ƙasa na iya samun har dala miliyan 8. Ba mu ce a raba mana ba, mun san akwai ƙungiyoyin ƙasa da na mata da sauran hidimomi. Muna so ne a wallafa nawa ne daga ciki ya sauko rukuni na biyu da na uku, nawa aka tara daga kuɗin rajistarmu, kuma a me aka kashe. Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka dawo da ita a 2024 ma muna roƙon ta sa baki, ko da a kan gyaran filayen ƙananan hukumomi ne da yi musu shinge.

Muna roƙon a kira zama da wakilan ƙananan kulob, shiyya-shiyya, a Kano ko Kaduna ko Bauchi, kafin a buɗe rajista. Za mu zo da kuɗin motarmu, da takardun abin da muka kashe a kakar da ta wuce, da jerin filayen da ke kowace jiha da nisan da ke tsakaninsu, domin a zana shiyyoyin tare da mu.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya kare yaranmu a hanya da cikin fili.

Wassalam.

Naku,
Sakataren wani ƙaramin kulob a Arewa maso Yamma, a madadin abokan aikinsa da 'yan wasansu.